CIKI BA RUMBU BA NE: RADDI GA MASU ƊAUKAR TEƁA ALAMAR ARZIKI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyarwa wanda ba a ciyar da Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata cuta da ta zauna daram a cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Gwale, amma mimbari bai cika taɓa ta ba, domin da yawa daga cikin waɗanda ya kamata su yi magana a kanta suna cikin waɗanda ta kama. Wannan cuta ita ce bautar ciki: cin abinci ba don yunwa ba, cin abin da ya wuce buƙata, sannan a ɗauki ƙibar da ta biyo baya a matsayin shaidar cewa Allah Ya yi wa mutum buɗi. Mutum zai ajiye tumbi har ruku'u ya zame masa aiki, sai ka ji ana cewa, "Alhaji ya samu hutu." Wani kuwa jikinsa daidai, lafiyarsa ƙalau, sai a bi shi da tambaya, "Lafiya kake ramewa?" Wannan juyayyen ma'auni shi ne muke son mu yi wa raddi, da hujja daga Alƙur'ani da Sunna, da kuma abin da masana lafiya suka tabbatar.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Da farko ya kamata a fahimci cewa ci da sha suna cikin al'adu, kuma asali a cikinsu shi ne halacci. Ba mu zo mu haramta wa kowa daɗɗaɗan abubuwan da Allah Ya halatta ba. Amma ayar da ta yi umarni da ci da sha, wato aya ta 31 a Suratul A'araf, ita ce dai ta hana israfi, kuma ta bayyana cewa Allah ba Ya son masu yin sa. A Suratul Isra'i kuma, aya ta 26 da ta 27, an siffanta masu almubazzaranci da cewa 'yan'uwan shaiɗanu ne. Wanda ya riƙe farkon aya ya jefar da ƙarshenta bai yi wa Littafin Allah adalci ba.

Imamu Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana ciki a matsayin mafi sharrin mazubin da ɗan Adam yake cikawa, ya nuna 'yan lomomi sun isa su riƙe mutum, in kuwa ba makawa, to a raba cikin gida uku: na abinci, na abin sha, na numfashi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Imrana ɗan Husaini cewa bayan ƙarnuka mafiya alheri wasu mutane za su zo masu ha'inci da rashin cika alkawari, kuma cikin alamominsu akwai yaɗuwar ƙiba a tsakaninsu. Malaman da suka yi sharhin hadisin sun bayyana cewa abin zargi shi ne ƙibar da mutum ya nemo da kansa ta hanyar faɗaɗawa a ci da sha, ba wadda aka halicce shi a kanta ba. Haka kuma ya tabbata daga Nana A'isha (RA) cewa iyalan Annabi ba su taɓa ƙoshi da abincin alkama kwana uku a jere ba tun zuwansu Madina har ya koma ga Ubangijinsa.

A nan za mu yi wata faɗakarwa. Maganar nan da ta shahara a bakin masu wa'azi, wadda take nuna tumbi shi ne gidan cuta, ba hadisi ba ce. Ibnul Ƙayyim ya bayyana a Zadul Ma'ad cewa maganar Harisu ɗan Kalada ce, likitan Larabawa. Ma'anarta daidai ce, amma ba ya halatta a jingina ta ga Annabi (SAW). Abin da ya inganta ya wadatar da mu.

YADDA ƘIBA TAKE SAMUWA

Abinci makamashin jiki ne. Abin da jiki ya ƙona wajen motsi da numfashi da sauran ayyukansa ya tafi. Abin da ya yi saura sai ya mayar da shi kitse ya ajiye. Mai, ko na gyaɗa ne ko manja ko na shanu, yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na hatsi fiye da sau biyu idan aka auna su nauyi ɗaya. Shi kuwa sukarin da aka narkar a cikin abin sha yana wucewa ne ba tare da ya ƙosar ba, mutum ya sha kwalba biyu kuma ya zauna ya ci tuwonsa cikakke. Sannan saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai cin abinci da gaggawa yake wuce iyaka kafin ya ankara.

To, mu dubi yadda rayuwar birni ta sauya. Kakanninmu sun ci tuwon dawa da miyar kuka, sun sha fura, kuma ba kaɗan suke ci ba. Amma su ne suke zuwa Kasuwar Kurmi da ƙafa, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Su ne suke fita gona bayan ganuwa, suke tsayuwa a bakin karofin Ƙofar Mata, suke bugu, suke jima, suke fatauci har Gwanja a ƙasa. Iyayenmu mata su ne da surfe da daka da niƙa da jan ruwa a rijiya. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, tafiyar da ba ta kai daga Ƙofar Wambai zuwa Kurmi ba sai an tare adaidaita-sahu, ɗan kasuwa kuma zai zauna a kan benci a Kwari ko Singa tun hantsi har magariba. Aiki ya ragu, amma malmalar tuwo ba ta ragu ba. Sai ma ƙari da aka samu: farar shinkafa da taliya da fulawa sun ture gero da dawa masu dusa, taliyar yara ta leda ta zama abincin dare, mai shayi yana zuba sukari da madarar gwangwani kamar yana jin haushinsu, lemon kwalba kuwa ya maye gurbin ruwan da ake tarbar baƙo da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, kusan ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo guda mai rabin lita tana iya cinye wannan adadi gaba ɗaya. Hukumar ta kuma bayyana cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A Nijeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙa'ida, kuma abin ya fi yawa a birane. Har gwamnatin tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Abin da ke bin bayan ƙiba kuwa sananne ne: ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya, lalacewar ƙoda da ciwon gwiwa. Wanda yake shakka ya je ya ga layin masu waɗannan cututtuka a Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

SHUBUHA TA FARKO: "AI NI'IMAR ALLAH CE TA BAYYANA"

Suna cewa Allah Yana son Ya ga alamar ni'imarSa a kan bawanSa. Gaskiya ne, wannan ma'ana ta zo a hadisi. Amma wa ya ce musu alamar ni'ima ita ce kitse? Alamar ni'ima ita ce tsafta da sutura ta mutunci, da wadata iyali, da zakka da ciyarwa. Da a ce nauyin jiki ma'auni ne a wurin Allah, da Bukhari da Muslim ba su ruwaito daga Abu Huraira ba cewa za a zo da wani ƙaton mutum mai ƙiba ranar alƙiyama amma nauyinsa a wurin Allah bai kai fiffiken sauro ba. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa da wasu sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud, sai Annabi (SAW) ya sanar da su cewa ƙwaurin nan sun fi Dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. To, ma'aunin wa muke bi?

Wannan ƙasa ma tana da tarihi a kan haka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga son duniya da jin daɗi sun fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar jihadi, sai ya bar su ya kama hanyar gabas, kuma a nan Kano ya tsaya ya rubuta Liya'ul Hukkami. Ni'imar da masu gyara na farko suka ji tsoronta, ita ce yau ake yi wa kirari.

SHUBUHA TA BIYU: "MACE SAI DA JIKI"

Wannan ita ce mafi muni, domin tana kai wa ga cutar da 'ya'yanmu da hannunmu. Biki yana matsowa sai a tsare yarinya a ɗaki da sunan gyaran amarya, a yi ta ɗura mata kunu da madara da kaji ko tana so ko ba ta so. Idan jikin bai tashi ba, sai a aika kemis a sayo ƙwayar da aka yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Sunan kaɗai ya isa wa'azi. Galibin waɗannan ƙwayoyi magunguna ne da aka yi su don wasu cututtuka dabam, kamar Dexamethasone da likitoci suke bayarwa don kumburi da asma, da Cyproheptadine na ƙaiƙayi da borin jini wanda yake buɗe ciki. Mai shan Dexamethasone ba bisa ƙa'ida ba, fuskarta ce za ta kumbura, ruwa ya taru a jikinta, sukarin jininta ya hau, hawan jini ya biyo baya, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Wanda ya daɗe yana sha kuma, dainawa farat ɗaya ma hatsari ce, sai likita ya janye shi a hankali. Wannan ba ƙiba ba ce, cuta ce aka sayo da kuɗi.

Ana jin labarin ɗura wa 'yan mata abinci a Muritaniya sai a riƙe baki, alhali abin da ake yi a wasu lungunanmu ƙanensa ne. Ƙa'idar shari'a a fili take: babu cuta, babu cutarwa. Uwar da ta ba 'yarta wannan ƙwaya, da mai kemis ɗin da ya sayar ba tare da takardar likita ba, da mijin da yake goranta wa matarsa rama har ta kai ga sha, duk suna da kaso a cikin alhakin.

SHUBUHA TA UKU: "KARAMCI NE"

Girmama baƙo yana cikin imani, walima kuma Sunna ce. Amma Manzon Allah (SAW) ya yi walimar aurensa da Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu, babu nama babu gurasa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu, attajirin sahabbai, da ya yi walima ko da da akuya guda. Ina wannan, ina bikin kwana biyar da kowace rana take da nata girki? Ina wannan, ina garar da take karya uban amarya: buhunan shinkafa da fulawa da sukari, jarkokin mai, da fantekun alkaki da nakiya da dubulan da cincin, duk don kada dangin miji su yi gori? Uba ya ci bashi, amarya da ango su kwashe watanni suna cin mai da zaƙi, abin da ya ragu a wurin taro kuma a kwashe a zuba a kwata. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta.

Haka nan al'adar tilasta wa baƙo ci. Mutum ya ce ya ƙoshi, sai a ce ya raina abincin gidan. Ya ce likita ya hana shi zaƙi, sai a ce "ɗan wannan ba zai yi komai ba." Wanda ya miƙa wa mai ciwon sukari kwalbar lemo yana sane, ba karrama shi ya yi ba.

SHUBUHA TA HUƊU: "KOWA DA KWANANSA"

Idan aka yi wa wani nasiha sai ya ce ciwo da mutuwa duk na Allah ne. Haka ne, babu mai musun ƙaddara sai ɓatacce. Amma mai wannan magana yana kulle shagonsa da kwaɗo uku, yana ɗaukar maigadi, bai taɓa cewa ɓarawo ma da ƙaddara yake zuwa ba. Annabin da ya koyar da mu tawakkali shi ne ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Jiki amana ne, kuma ayar ƙarshe ta Suratut Takasur ta tabbatar da cewa za a tambaye mu game da ni'ima. Wanda kuma ya san ciwon sukari ko hawan jini yana danginsu, wannan dalili ne na ƙara kiyayewa, ba na sakin jiki ba.

RAMADAN DA AKA JUYA

Babu inda wannan cuta take tona kanta kamar watan azumi. Aya ta 183 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa manufar azumi ita ce taƙawa. Anas ɗan Malik ya ba da labarin cewa Annabi (SAW) yana buɗa-baki da ɗanyen dabino, in babu da busasshe, in babu da 'yan kurɓin ruwa. Mu dubi faifan buɗa-bakin gidajen masu hali a yau: kunun gyaɗa da sukari, ƙosai, soyayyar doya da ƙwai, soyayyen dankali, funkaso, farfesu, zoɓo da lemo, duk kafin a taɓa abincin dare. Matan gida sun yini a gaban murhu sun rasa lokacin karatun Alƙur'ani, maigida ya zo sallar asham yana gyatsa yana gyangyaɗi, yana jin haushin liman don ya tsawaita. Cefanen watan ya ninka na sauran watanni, wasu kuma su fito daga azumi sun fi yadda suka shiga nauyi. Wanda ya tara abincin yini uku ya cinye tsakanin magariba da asuba, lokacin cin abinci kawai ya sauya, bai horar da ransa ba.

"ANA YUNWA KUNA ZANCEN ƘIBA?"

Wani zai ce wannan magana ba ta dace da lokaci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abinci ya yi tsadar da ba a saba gani ba, har hauhawar farashinsa ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kuma kowa ya ga abin da ya faru a titunan Kano a watan Agustan 2024. Binciken 2018 da muka ambata ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki.

Amsarmu ita ce, wannan shi ne babban dalilin yin maganar. A cikin birni katanga ɗaya ce take raba gidan da ake zubar da shinkafa da gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Bukhari ya ruwaito a Al-Adabul Mufrad cewa ba mumini ba ne wanda zai ƙoshi maƙwabcinsa yana jin yunwa a gefensa, Muslim kuma ya ruwaito cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu. Lomar da ta zame wa wani kitse da ciwo, ita ce da an miƙa ta bayan katanga za ta zame wa wani yaro tsoka da ƙashi. Sannan a sani ƙiba ba ta mawadata kaɗai ba ce. Talakan da ƙarfinsa bai wuce fulawa da mai da sukari ba, yana iya yin ƙiba alhali jikinsa yana cikin yunwar abin da zai gina shi.

IYAKAR MAGANARMU

Kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya mayar da shi sandar dukan bayin Allah. Akwai wanda ƙibarsa gado ce, akwai wadda haihuwa ta bar mata, akwai wanda ciwo ko magani ya jawo masa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Annabi (SAW) ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake sai ya wuce ta, kuma bai aibata ta ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta haramta izgili da jifa da miyagun laƙubba. Haka kuma ba muna kira ba ne zuwa ga yayin ramar da ake tallatawa a wayoyin hannu, da shayin rage ƙiba da ba a san abin da ke cikinsa ba. Mai shan ƙwaya don ta yi ƙiba da mai shan shayi don ta rame, duk idon mutane suke bauta wa. Musulunci tsakaitawa ne.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Na ɗaya, kada a ci sai an ji yunwa, a ci a zaune cikin natsuwa, a tauna sosai, a ɗauke hannu da sauran wuri a ciki. Na biyu, a mayar da ruwa abin sha na asali, lemo da zoɓo mai sukari su zama na jefi-jefi. Na uku, a dawo da gero da dawa da wake da acca, da zogale da rama da alayyafo, a rage suya, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Na huɗu, a taka da ƙafa. Masana lafiya suna ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma mai zuwa salloli biyar a masallaci da ƙafa ya riga ya kama hanya, ga lada a kowane taku. A kuma ba mata damar motsa jiki a cikin gida da wuraren da suka dace da sutura. Na biyar, duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna jininsa da sukarinsa, domin hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba. Na shida, iyaye su haɗa kai a unguwanni su sauƙaƙa gara, ango mai bin Sunna kuma ya fito fili ya ce ya yafe.

Na ƙarshe, muna kira ga malamai da masu wa'azi da malaman Islamiyya. Ba daidai ba ne mutum ya yi tsanani a kan tsawon wando da daidaita sahu, sannan idan aka ajiye faranti ya manta da Sunna gaba ɗaya. Wanda ya koyar da mu yadda ake salla shi ne ya koyar da mu yadda ake ci, kuma jama'a suna kallon farantin malam kamar yadda suke sauraron karatunsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sanya albarka a cikin abin da Ya azurta mu da shi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ciyar da mayunwatanmu, Ya tsare mu daga sharrin kawunanmu. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.